Sharar Juma'a da Fankar Labbo

Su huɗu ne suka haɗa hannu suka kafa rumfar niƙan dutse a bayan garin Duza, kuma a cikinsu Labbo ne kaɗai ƙura take hana wa sukuni. Baba Makau, wanda ya girme su duka, cewa yake ƙura abincin mai neman gwal ce. Sambo da Rabe kuwa, duk inda Baba Makau ya sa ƙafa nan suke sa tasu. Rumfar ta kwanon rufi ce sama da gefe, an kewaye ta ruf saboda ruwan sama da masu dogon hannu, ƙofa ɗaya gare ta, ba ko taga. In aka tayar da injuna biyun da ke ciki, kafin a niƙe rabin buhu mutum ya daina ganin fuskar na kusa da shi. Da la'asar sukan fito fari fat har gashin ido, kamar an tsoma su a buhun gari.

Labbo yana da dalilinsa, kuma kowa a garin ya san shi. Shekarar da gubar dalma ta shiga gidaje, lokacin da ake daka dutsen a tsakar gida, mata na tankaɗe shi kusa da tukunyar tuwo, ya binne 'yarsa ta fari, Ummukulsum, ba ta cika shekara biyu ba. Bayan haka aka zo aka kankare ƙasar gidajen garin, aka kwashe ta a mota, aka zuba sabuwa ja, maigari ya hana shiga da dutse cikin gari. Duk da haka, ta biyun, Munira, sau biyu ana kwantar da ita a asibitin Anka ana ba ta maganin fitar da dalma daga jini. Yanzu shekararta uku, ta fara haɗa magana, har ta raɗa wa akuyar gidan suna. A gwajin ƙarshe Malama Barakatu, ma'aikaciyar da ke ɗibar jinin yara, ta nuna masa lambar dalmar da ke jinin Munira a takarda, ta ce ta sauka yadda ake so, amma kada ya bari ta sake hawa, domin duk hawan da ta yi yana tafiya da wani abu daga ƙwaƙwalwar yaro, kuma abin ba ya dawowa. Ta ce ƙurar ba ta da ƙafa, mutane ne suke kai ta gida a riga da gashi da takalmi.

Tun ranar Labbo ya zama abin dariya a rumfa. Yakan rataye kayan aiki a ƙusa, ya yi wanka a bayan rumfa da ruwan jarka, ya sa wasu kayan da ya ƙulle a leda, sannan ya nufi gida. Amma ƙurar rumfar nan ba ta san leda ba. In ya kwance ƙullin sai ya ga ta yi wa kafaɗar rigar fari-fari, ya tsaya yana kakkaɓewa yana jin haushin kansa.

A Gummi ya ga maganin abin. An kira shi gyaran injin casar shinkafa, don hannunsa yana da kyau a kan inji, sai ya lura ɗakin casar fes yake, alhali inji na aiki. Ya ɗaga kai ya ga wata fanka a cikin bango, ba irin mai yi wa mutum fifita ba, wannan zuƙe iskar ɗaki take tana tofar da ita waje. Mai wurin yana da tsohuwar fanka ɗaya a jingine, koyil ɗinta, wato naɗin wayar cikinta, ya ƙone. Labbo ya ce a bar ladan gyaran, a ba shi ita. Ya ɗauro ta a bayan babur, ya biya ta Bukkuyum aka sake mata naɗi, ya iso Duza yana jin kamar ya ɗauko lafiyar 'yarsa ce a bayansa.

Kwana uku ya yi yana kafa ta, kuma a kwana ukun nan ya sha magana. Ranar farko bai taɓa ko ƙusa ba. Tsumma ya ɗaura a kan gora ya kafa a saman rumfa yana kallon inda iska take kaɗa shi, safe da rana da yamma. Sambo ya ce Labbo ya fara duba. Shi kuwa so yake ya tabbatar abin da fankar za ta tofar ba zai nufi gari ba, ba zai nufi rijiya ba, ba kuma zai sauka a burtalin da makiyaya ke bi da shanu ba. Bangon da ke fuskantar tsaunin duwatsu ya zaɓa, wanda yake kallon ƙofa, don iska ta shigo ta ƙofar, ta bi ta bayan masu aiki, ta kwashi ƙurar injuna ta fice, ba ta biyo ta hancin kowa ba.

Ya yanka kwanon, ya yi wa ramin katako kewaye, ya yanko robar tsohuwar taya ya sa a tsakani don kada ta riƙa girgiza rumfar. A nan ne ya bar wa Rabe ɗaure ƙusoshi huɗu ya je ɗauko waya. Ya dawo ya tarar Rabe ya juya fuskar fankar ciki, ya ɗaure tamau, yana jiran a yaba masa. Da aka tambaye shi dalili sai ya ce shi tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin fankar da ta ba mutane baya ba. Labbo ya kwance ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, haƙoransa a cije.

Ya sa mata raga ciki da waje, saboda Sambo mutum ne mai son aiki da babbar riga, kuma fanka ba ta tambaya kafin ta ja hannun riga. Wayar wuta ya zura ta cikin tiyo ya bi da ita ta saman bango, ba ta ƙasa inda ake jan buhuna ba. Janareto ya fitar da shi can gefe ya yi masa 'yar inuwa, nesa da ƙofa, don kada fankar ta zuƙo hayaƙinsa ta cika musu ciki da shi. Makunnin ya kafa a bakin ƙofa inda hannu zai kai ko da ido a rufe. Ya buga rodi a ƙasa ya ɗaura masa waya daga jikin fankar, ya ce ko wuta ta kufce nan za ta bi, ba jikin mutum ba. A waje kuma ya haɗa bututu na kwano ya sauko da shi cikin wani duro mai murfi, bakinsa ya tsaya kamar yatsa huɗu a saman ruwa. Ƙurar in ta fito sai ta daki ruwan ta kwanta ta zama laka, iska kuma ta fice ta hudojin murfin.

Da ya gama, ya tayar da fankar, ya kunna tsumma ya kashe, ya riƙe shi a bakin ƙofa. Hayaƙin ya miƙe sak, ya ratsa rumfar, ya shige ragar. Har Baba Makau sai da ya ce ikon Allah. Labbo ya faɗa musu ƙa'idar, kuma ba ta da yawa. A kunna fanka kafin a tayar da inji, a bar ta tana juyi bayan an kashe shi har ƙura ta lafa. Kada kowa ya taɓa ta sai an kashe janareto. A cika duron da ruwa kowace safiya. Lakar da ta taru a kwashe ta da jiƙonta a kai ramin da aka zubar da tsohuwar ƙasar gari, a binne. Suka ce sun ji.

Mako guda aka yi ana ganin fuskar juna a rumfa. Tarin Sambo ya ragu, ko da yake shi zuma ya ba wa ladan. Labbo ya kwance ledarsa ya ga riga fes, ya tafi gida ya ɗaga Munira sama har ta yi ƙara. Matarsa Saudatu, wadda cikinta ya tsufa, ta ce rabon da ta ga haƙoransa a waje tun kafin damina.

A mako na biyu Baba Makau ya fara zagayawa bayan rumfa yana leƙa duron. Ya sa yatsa ya dangwalo lakar, ya murza, ya kai ta hasken rana. Mutum ne da ya yi shekara talatin yana bin gwal, ya san gwal ba ya jin kunyar ɓuya a cikin ƙura. Kuma abokin marigayi mahaifin Labbo ne, shi ya yi masa waliyyi ranar aurensa, shi ya ɗauki gawar Ummukulsum zuwa maƙabarta. Irin wannan mutum ba a ɗaga masa murya, kuma Baba Makau ya san haka sarai.

"Labbo, wagga hwanka taka zinarinmu taka sha," in ji shi. "Mu niƙa da guminmu, ita ta kwashe, kai kuma ka ce a gina rami a rufe?"

Labbo ya durƙusa ya yi masa bayani da ladabi. Ya ce abin da ke cikin ƙurar nan na gwal bai taka kara ya karya ba, dalma ce ta fi yawa, kuma mai laushin nan ita ce mafi muni, don ita ce take shiga cikin yaro ba a gani. Baba Makau ya saurara har ƙarshe, yana gyaɗa kai, ya ce Allah ya yi masa albarka. Duk wanda ya san tsofaffin garin ya san wannan albarkar ba amincewa ba ce.

Labbo yana da al'adar zuwa Anka kowace Alhamis da yamma ko Juma'a da sassafe, ya sayo mai da bel da sauran kayan inji, ya yi sallar Juma'a a can ya dawo. Wata Asabar ya zo rumfa ya ji kukan fankar ya sauya, tana gurnani kamar mai ɗauke da kaya. Ciki kuma ƙura ta dawo. Ya zagaya baya, sai ga duro an ture shi gefe, ba ɗigon ruwa, an cusa bakin bututun cikin buhun taki an ɗaure da roba. Buhun ya kumbura tim. Ya kashe janareto ya taɓa jikin fankar, ya janye hannu da sauri, don ta yi zafin da za a iya gasa masara a kanta.

Ya kwance buhun, ya mayar da duron, ya yi sawu uku zuwa rijiya ya cika shi. Ya ce musu buhu yana toshe numfashin fankar, ƙura ba ta fita, koyil zai sake ƙonewa, kuma wata rana wuta ce za ta tashi. Rabe ya ce ai ɗibar ruwan ne da wahala. Sambo ya ce shi ba ya nan aka yi. Baba Makau ya ce buhu ai ya fi duro tsafta, tunda ba ya zuba.

Haka aka shiga yi. Labbo ya kwance, in ya juya baya a ɗaura. Ranar da yake nan fanka ta yi aiki da duro, ranar da ya tafi gyara wani gari ko ya leƙa gonarsa ta gero, buhu ya koma. Ya gwada roƙo, ya gwada fushi, ya gwada ɓoye robar, sai aka ɗaure da igiyar rama. Ya yi tunanin kai ƙara wurin maigari, amma ya rasa bakin da zai ce ya kawo ƙarar wanda ya ɗauki gawar 'yarsa. Rumfar ta su huɗu ce, kason Labbo ɗaya ne, kuma fanka ba ta san kason kowa ba. Abin ya riƙa cin sa har abinci ya daina yi masa daɗi. Sau ɗaya ya tambayi Baba Makau inda yake kai ƙurar buhun, tsohon ya ce kada ya damu, ba ta ɓata ba, tana inda ya dace. Labbo ya ɗauka a nasa wankin gwal yake zubawa a bakin rafi, ya ce a ransa can ta matse masa.

A gida ma ba shi da zance sai na fanka. Yana cin tuwo yana ba Saudatu labarin taurin kan Rabe. Sau biyu ta ce masa Inna fa ta sami abin yi kwanan nan a bayan ɗakinta, kuma Munira ba ta zama sai a can. Ya ce madalla, gara tsohuwa ta riƙa motsa jiki, ya koma kan maganar koyil. Saudatu ta bar zancen a nan. Surukarta ce, a gidanta take zaune, ba za ta buɗe baki ta kai ƙarar uwar miji wurin ɗanta ba. Iyakar abin da kunya ta bar ta ta faɗa ke nan, shi kuma da yake kunnensa na rumfa, bai ji ba.

Akwai wata al'ada a garin tun kafin zuwan injuna. Duk abin da aka share a wurin niƙa ranar Juma'a ba na masu wurin ba ne, na tsofaffin mata ne da waɗanda mazansu suka rasu. Ana kai musu har gida, su wanke a ƙwarya, ɗan abin da ya kwanta su sayi goro da sabulu. Sharar Juma'a ake ce mata, kuma ana ganin ita ce take sa wa ramin haƙar gwal albarka. Da maigari ya hana shiga da dutse gari sai al'adar ta mutu, tsofaffin suka yi ta ƙorafi a ɓoye. Labbo ya san da ita, amma ya ɗauka an binne ta tare da tsohuwar ƙasa.

Wata Juma'a babur ɗinsa ya yi faci kafin ya yi nisa, ya fasa zuwa Anka, ya turo shi ya dawo gida da hantsi. Bai ga Munira a tsakar gida ba. Ya tambayi Saudatu, ta nuna sashen Inna da haɓa, ta sunkuyar da kai. Ya zagaya bayan ɗakin mahaifiyarsa, inda ya kusa wata uku bai leƙa ba.

Buhun taki ya fara gani, ya kuwa gane shi, don igiyar ramar tana wuyansa. Wasu biyu na jingine da katanga, an zazzage su. Inna Dija na zaune a kujerar tsuguno da ƙwarya a gabanta tana juya ruwa a hankali. An baza tabarma an shanya sauran garin, iska na ɗibarsa kaɗan-kaɗan tana watsawa a kan jar ƙasar da aka zuba musu, wadda yanzu ta koma toka-toka. Munira na zaune a gefen tabarmar da murfin kwalba da 'yar gwangwani, tana dafa tuwon wasa. Hannuwanta fari fat har gwiwa. Ta ɗago ta gan shi, ta yi dariya, ta miƙo masa gwangwanin ta ce ya ci. Akwai farin abin a leɓenta.

Bai san lokacin da ya sure ta ba. Ya kai ta bakin randa ya wanke mata hannu da baki da fuska, ya sake wankewa, ya tuɓe rigar ya jefar, tana ta kuka don ya ɓata mata girki. Ya miƙa ta ga Saudatu ya koma. Uwa uwa ce, sai da ya durƙusa.

"Inna, mi an nan?"

Inna Dija ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Ta dube shi da mamaki, ta ce, "Sharar Juma'a ta. Makau ka kawo min. Yac ce hwankar ɗana ta, ni ya kamata in ci albarkatta kahin kowa."

Ya ce ai ta san an hana, ta san abin da ya ɗauke Ummukulsum. Ta ce ta sani, ita da ta yi mata wanka. Ta ce da dutse ne ko ƙofar zaure ba zai wuce ba. Amma wannan ba dutse ba ne, ya bi ta cikin fankar. Ba shi da bakinsa ya ce fankar maganin dalma ce ba? Ba ya zauna a nan ya ce tun da ya kafa ta an huta ba? To abin da ya ratsa ta cikin magani ya fito, ai an tace shi. Haka Makau ya ce mata, haka ita ma hankalinta ya ba ta. Ta ce ya taɓa ya ji laushinsa, ko garin jariri bai kai shi ba.

Wata uku Labbo yana faɗa da buhu saboda koyil, yana tsoron kada fanka ta ƙone. Ashe duk ranar da ya juya baya, fankar da ya ɗauko tun daga Gummi tana tsince mafi laushin dafin rumfar, tana tara shi wuri ɗaya, ana ɗaukowa a kafaɗa ana kawo wa 'yarsa har gida. Kafin ya kafa ta, abin da ke biyo shi bai wuce na kafaɗar riga ba.

Inna ta ga fuskarsa, sai jikinta ya yi sanyi. Ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ɗan ƙulli na tsumma, ta buɗe a tafin hannu. Ɗan gwal ne, bai kai ƙwayar gero biyu ba, abin da buhu uku suka ba ta ke nan.

"Ba goro nika so ba," in ji ta. "'Yan kunne nis so in yi ma Munira, na sallah. Kunnenta ba komi."

Labbo ya kwashe tabarmar da buhunan da ƙwaryar ya ɗaure su, ya kai ramin bayan gari. Daga can ya wuce rumfa. Baba Makau na alwalar tafiya masallaci. Labbo ya tsaya a kansa, bai durƙusa ba, karo na farko a rayuwarsa. Ya faɗa masa abin da ya gani, da hannuwan yarinyar, da leɓenta. Bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba, amma Sambo da Rabe sun gwammace a ce zagin ya yi. Tsohon ya tsaya da buta a hannu, ruwa na zuba a ƙasa. Ya ce shi alheri ya nufa, ya ga an bar tsofaffi ba a tuna su, ya ga kuma uwar mai fanka ce ta fi cancanta. Labbo ya ce ya sani, kuma wannan ne ya fi ƙona masa rai.

Ranar Litinin suka kai Munira Anka. Malama Barakatu ta ɗebi jinin, ta shiga, ta daɗe. Da ta fito ba ta nuna masa takardar nan da nan ba, sai ta tambaye shi ko an koma niƙa a gida. Ya ce a'a. Ya so ya ba ta labarin tsumman da ya ɗaura a gora, da ragar, da rodin da ya buga a ƙasa, da duron da yake cikawa da ruwa sawu uku, sai ya ga duk ba amsar tambayarta ba ce. Lambar ta haura ta farkon da aka fara kwantar da ita. Aka ba su gado. Aka ce ita ma Saudatu a ɗebi nata, saboda cikin. Munira ta kama yatsansa tana tambayar wa zai ba akuyarta dusa, ya saurari kowace kalma kamar mai ƙirga abin da za a iya ƙwace masa.

Washegari ya koma Duza shi kaɗai ɗauko musu kaya. Hanyar ta bi ta gaban rumfa, kuma tun daga nesa ya ji kukan fankar, siriri, ba gurnani. Ya rage gudu. Duron na wurinsa, murfi a rufe, ƙasan kewayensa a jiƙe. Baba Makau ne da kansa yake tahowa daga rijiya da jarka a kafaɗa, yana tafiya yana hutawa. Rabe ya leƙo daga ƙofa, fuskarsa fes, ya ce wallahi fankar nan tana aiki, yau ko tari ba wanda ya yi. Ya ce sun kwashe lakar jiya sun binne yadda ya ce. Labbo ya dubi bututun, ya dubi ragar, komai daidai yadda ya roƙa wata uku. Ya ce to, ya ja babur ɗinsa.

A gida ya ji ƙarar fartanya daga bayan ɗakin Inna. Ya zagaya ya same ta a sunkuye, ita kaɗai, ta ɗaure ƙugu da gyale tana kankare ƙasar wurin kamar yadda ta ga ma'aikata sun yi shekarun baya. Ta tara tsibi biyu. Ƙasar a bushe take, kowace sara tana tayar da farar ƙura da ke bin iska zuwa tsakar gida, inda tukwane suke a kife. Ba ta ɗago ba, ba ta tambaye shi lambar ba, ta gan ta a yadda ya shigo.

Labbo ya tsaya yana kallonta. Sannan ya je randa ya ciko bokiti, ya dawo ya karɓi fartanyar daga hannunta a hankali.

"Inna, a yayyafa ruwa tukuna," in ji shi.

Ta karɓi bokitin tana yayyafawa da hannu, shi kuma yana bin bayanta yana kankarewa.